Adolf Klose (1844–1923) da Kafuwar Ƙungiyar Motoci ta Farko a Jamus: Nazarin Hasashen Wani Injiniyan Jirgin Ƙasa

Tsakure

Idan ana zancen tarihin mota a Jamus, sunayen Carl Benz da Gottlieb Daimler ne kan zo bakin kowa, domin su ne suka ƙera motocin farko masu amfani da fetur. Ba kasafai ake tunawa da mutanen da suka tsara wa sabuwar ƙirƙirar mazauni a cikin al'umma ba. Wannan maƙala ta waiwayi rayuwar ɗaya daga cikinsu, wato Adolf Klose, injiniyan jirgin ƙasa wanda ya zama shugaban farko na ƙungiyar motoci ta farko a Jamus a 1897. An bibiyi aikinsa a hukumomin jiragen ƙasa na Suwizalan da Württemberg, da hasashen da ya yi a ranar kafa ƙungiyar game da makomar tururi da mai da lantarki, da kuma yunƙurinsa na ƙera kan jirgi mai injin dizal. Maƙalar ta nuna cewa Klose ya kalli mota ne da idon ma'aikacin dogo, kuma wannan kallo shi ne ya ba shi hangen nesa, shi ne kuma ya ɓoye masa halayyar mai sayen mota.

Fitilun Kalmomi: Adolf Klose, mota, jirgin ƙasa, ƙungiya, Jamus, tarihin fasaha

1.0 Gabatarwa

A ranar 29 ga Janairu, 1886, Carl Benz ya nemi takardar mallakar ƙirƙira a kan wata mota mai ƙafa uku da ya haɗa a birnin Mannheim. A wannan shekarar ce kuma Gottlieb Daimler da abokin aikinsa Wilhelm Maybach suka ɗora injinsu a kan keken doki a Cannstatt, kusa da Stuttgart. Duk da haka, shekara goma bayan nan mota ba ta samu karɓuwa a Jamus ba. Faransawa ne suka rungume ta: kamfanonin Panhard et Levassor da Peugeot suka riƙa ƙera motoci da injin Daimler, aka yi gasar Paris zuwa Rouen a 1894, aka yi tseren Paris zuwa Bordeaux da dawowa a 1895, aka kuma kafa ƙungiyar motoci ta Faransa a wannan shekarar. Jamus ta haifi ɗa, maƙwabta suna reno.

A cikin wannan hali ne Adolf Klose ya tara masana da masu masana'antu a Barlin. Tambayar da maƙalar take son amsawa ita ce: me ya sa mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan dogo ya zama jagoran masu mota, kuma wane tasiri wannan asali ya yi a kan yadda ya fahimci makomarta? Amsar tana da amfani ga mai nazarin tarihin fasaha, domin tana nuna yadda tsohuwar sana'a kan yi wa mutum jagora, ta kuma yi masa shamaki, a yayin da ya fuskanci sabon abu.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Rayuwarsa

An haifi Adolf Klose a ranar 21 ga Mayu, 1844, a wani ƙaramin gari mai suna Bernstadt auf dem Eigen da ke masarautar Saksoni, a gabashin Jamus. A lokacin babu dunƙulalliyar ƙasar Jamus. Masarautu ne daban-daban, kowace da sarkinta, kuma manyan cikinsu kowace da hukumar jiragen ƙasarta. Sai a 1871 aka haɗe su a ƙarƙashin sarkin Purushiya, amma ko bayan nan masarautun kudu, irin su Bavariya da Württemberg, sun ci gaba da riƙe dogonsu. Wannan tsari ya ba injiniyoyin kowace masarauta damar bin tafarkin da suka ga ya dace da ƙasarsu.

Klose ya fara yin suna ne a Suwizalan, inda ya yi aiki a matsayin mai kula da injuna a kamfanin jiragen ƙasa na Vereinigte Schweizerbahnen, a gabashin ƙasar. Daga nan ya koma Stuttgart a tsakiyar shekarun 1880, ya zama babban injiniyan hukumar jiragen ƙasa ta masarautar Württemberg, muƙamin da ya riƙe har 1896. Shekara guda bayan barinsa aiki ya kafa ƙungiyar motoci, yana da shekara 53. Ya rasu a birnin Munich a ranar 2 ga Satumba, 1923.

3.0 Klose a Kan Dogo

Matsalar da ta fi ɗaukar hankalin Klose a aikinsa ita ce kwana. Kan jirgi mai tururi yana da ƙafafu da yawa a jere, an haɗa su da sandunan ƙarfe domin su juya tare, kuma dukansu suna daskare a cikin firam ɗaya. A miƙaƙƙen layi wannan ba ya da illa. Amma a ƙasa mai duwatsu, inda dogo yake lanƙwashewa, ƙafafun gaba da na baya sukan riƙa gugar dogo, ƙarfe ya ci ƙarfe, wani lokaci ma jirgi ya sauka daga layi.

Klose ya ƙirƙiro wani tsari na sanduna da maɗaurai wanda ake kira da sunansa. Idan jirgi ya shiga kwana, tsarin yakan bar ƙafafun gaba da na baya su karkata su bi lanƙwasar dogo, sa'an nan ya ƙara tsawon sandar da ke haɗa ƙafafu ta gefen waje, ya rage ta gefen ciki. An yi amfani da shi a Württemberg da Saksoni, da kuma siraran layukan Bosniya masu faɗin milimita 760. Haka kuma sunansa yana haɗe da layin St. Gallen zuwa Gais a Suwizalan, wanda aka buɗe a 1889. A can an shimfiɗa dogo mai haƙora a wuraren hawa, har da wata kwana mai tsanani a Ruckhalde wadda ta yi suna a tsakanin injiniyoyi. A Württemberg kuma ya ƙarfafa amfani da injin da ke sarrafa tururi sau biyu, ya fita daga ƙaramar silinda ya shiga babba, domin a rage cin kwal a masarautar da take sayo kwal daga nesa.

Sai dai tsarin kwanar bai daɗe ba. Gaɓoɓinsa sun yi yawa, kowace tana buƙatar mai da kulawa, kuma gyaransa yana da tsada. Wajen ƙarshen ƙarni na 19, wani injiniyan Ostiriya mai suna Karl Gölsdorf ya warware matsalar ta hanya mai sauƙi: ya bar wa wasu ƙafafun ɗan sarari su zame hagu ko dama. Hukumomin jiragen ƙasa suka koma can. A nan aka fara ganin wata halayya da za ta sake bayyana a rayuwar Klose, wato iya gano ainihin matsala tun da wuri, tare da kawo mata maganin da ya fi ƙarfin mai gyara.

Akwai wani ɓangare na aikinsa da ya fi kusa da batun mota. Ƙananan layukan karkara ba su da fasinjojin da za su biya kuɗin kan jirgi da taragai. Saboda haka a shekarun 1890 hukumar Württemberg ta gwada tarago guda mai tuƙa kansa: an gwada mai injin fetur na Daimler, wanda masana'antarsa take nan Cannstatt, an kuma gwada mai tururi bisa tsarin Bafaranshe Léon Serpollet. Ke nan kafin Klose ya zama shugaban masu mota, ya riga ya saba da auna injuna iri-iri a kan ma'auni ɗaya: nawa suke ci, nawa suke ɗauka, wace hanya ta dace da su.

4.0 Kafuwar Ƙungiyar a 1897

A ranar 30 ga Satumba, 1897, aka kafa ƙungiyar Mitteleuropäischer Motorwagen-Verein a otal ɗin Bristol da ke titin Unter den Linden a Barlin. Ma'anar sunan ita ce ƙungiyar motoci ta tsakiyar Turai, abin da ke nuna cewa burin waɗanda suka kafa ta ya zarce iyakar Jamus. Klose ne ya zama shugabanta na farko. Daga cikin waɗanda suka shiga tun farko akwai Benz da Daimler da Rudolf Diesel da Emil Rathenau, mai kamfanin lantarki na AEG. Wannan jeri kaɗai ya isa ya nuna irin ƙungiyar: masu fetur da mai dizal da mai lantarki, waɗanda kishiyoyin juna ne a kasuwa, sun zauna a inuwa ɗaya. Mutum irin Klose ya dace da shugabancinsu, domin shi tsohon babban ma'aikacin hukuma ne, yana da mutunci a idon gwamnati, ga shi kuma injiniyan da maƙeran ba za su raina saninsa ba.

A ranar kafuwar an baje kolin motoci takwas, na kamfanonin Benz da Daimler da Lutzmann da Kühlstein. Wannan ƙaramin taro shi ake ƙirgawa a matsayin mafarin babban baje kolin motoci na Jamus, wanda aka sani da IAA, wanda ya daɗe ana yin sa a Frankfurt kafin a mayar da shi Munich a 2021. A 1898 ƙungiyar ta fara fitar da mujallarta mai suna *Der Motorwagen*, wadda ta zama dandalin rubuce-rubucen injiniyoyi. A wannan shekarar kuma aka yi gasar tuƙi daga Barlin zuwa Potsdam da dawowa, sa'an nan a 1899 aka yi baje kolin ƙasa da ƙasa a Barlin wanda ya tara masu baje koli fiye da 100.

4.1 Hasashen Klose

A jawabinsa na ranar kafuwa, Klose ya kasa motocin da ke ɗauke da makamashinsu gida uku: masu tururi, masu mai, da masu lantarki. Ya yi hasashen cewa tururi zai tsaya ga abubuwan da ke bin dogo da manyan motocin ɗaukar kaya. Motocin mai za su mamaye faffaɗar ƙasa da hanyoyin nesa. Su kuwa masu batir za su cika shimfiɗaɗɗiyar kwaltar manyan birane da dogon cikin gari.

Wannan hasashe yana da hujja a zamaninsa. Motar fetur ta lokacin tana da ƙara da wari da girgiza, sai an juya mata ƙarfe da hannu kafin ta tashi, kuma sauya giya aiki ne na gwani. Motar lantarki ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli, sai dai ba ta nisa. Barlin ta riga ta san lantarki a kan titi tun 1881, lokacin da kamfanin Siemens ya buɗe layin taragon lantarki a Lichterfelde. A 1899 ma, motar farko da ta wuce gudun kilomita 100 a awa mai lantarki ce, wadda ɗan Beljiyam Camille Jenatzy ya tuƙa. Abin lura shi ne tsarin tunanin: Klose ya raba wa injuna aiki kamar yadda hukumar jirgi take raba wa kawunan jirgi layuka, wannan na hawa, wannan na kaya, wannan na gudu.

5.0 Inda Hasashen ya Kauce

Cikin shekara talatin fetur ya mamaye gari da karkara baki ɗaya. Dalili na farko na fasaha ne. Ƙarfin da ke cikin kilo ɗaya na fetur ya ninka na kilo ɗaya na batirin darma sau ɗaruruwa, kuma ana cika tanki cikin mintoci alhali caji yana cin awoyi. Sa'an nan illolin motar fetur suka riƙa raguwa ɗaya bayan ɗaya. A 1908 Henry Ford ya fitar da Model T a Amurka, wadda farashinta ya yi ta sauka, a 1912 kuma kamfanin Cadillac ya sa wa motocinsa na'urar tayar da inji da lantarki, aka huta da juya ƙarfe.

Dalili na biyu ya shafi mai saye, kuma a nan ne asalin Klose ya yi masa shamaki. Hukumar jirgin ƙasa tana da kawunan jirgi masu yawa, tana iya ware kowane ga layinsa. Shi kuwa mutum ɗaya mota ɗaya yake saye, kuma yana son wadda za ta kai shi ofis ranar aiki, ta kai shi ƙauye ranar hutu. Ko da tafiyar nesa sau biyu ce a shekara, ita ce take yanke hukunci a ranar saye. Shaida a kan haka ita ce, inda mai motocin hukuma ce ko kamfani, hasashen Klose ya tabbata: gidan wayar Jamus ya yi shekaru da dama yana raba kaya a birane da motocin lantarki, taragon lantarki kuma ya ci gaba da zama ƙashin bayan sufurin birane.

Irin wannan ya faru da ƙungiyar kanta. Klose ya gina ta a matsayin majalisar masana, amma abin da ya ja hankalin masu kuɗi shi ne tsere da alfarma. A 1899 aka kafa Deutscher Automobilclub a Barlin, ƙungiyar sarakuna da attajirai, ƙarƙashin shugabancin basarake Victor na Ratibor. Ita ce ta shirya tseren Gordon Bennett a yankin Taunus a 1904, bayan da Jenatzy ya ci na 1903 a Ayalan da motar Mercedes, wadda Hausawa suke kira marsandi. A 1905 sarki Wilhelm na II ya zama uban ƙungiyar, aka sauya mata suna zuwa Kaiserlicher Automobil-Club, wato ƙungiyar motoci ta sarki. Masu masana'antu sun kafa tasu ƙungiyar a Eisenach a 1901. Masu ƙaramin ƙarfi kuwa suka kafa ƙungiyar masu babura a Stuttgart a 1903, wadda ta koma ADAC a 1911, kuma ita ce babbar ƙungiyar masu mota a Turai a yau. Ƙididdigar 1907 ta nuna cewa daga cikin abubuwan hawa masu inji kimanin 27,000 da ke Jamus, fiye da rabi babura ne. Ayyukan da ƙungiyar Klose ta haɗa a wuri ɗaya sun rarrabu ke nan, kowane rukuni ya ɗauki nasa.

Duk da haka, tunanin dogo bai ɓace daga harkar mota ba. Ya shiga doka. Tun 1838 a Purushiya, da kuma 1871 a duk faɗin Jamus, doka ta ɗora wa kamfanin jirgi alhakin ɓarnar da jirginsa ya yi ko da ba a tabbatar da sakaci ba. Dokar motoci ta ranar 3 ga Mayu, 1909, ta ɗora wa mai mota irin wannan alhaki, ta kuma share hanya ga lasin tuƙi na bai ɗaya a ƙasar.

6.0 Komawa Dogo: Kan Jirgi Mai Dizal

Klose bai tsaya a kan hasashensa ya ƙi motsi ba. Shi da ya ce dogo na tururi ne, shi ne kuma ya shiga sahun farko na masu neman raba dogo da tururi. A 1906 ya haɗa hannu da Rudolf Diesel da kamfanin Sulzer na Winterthur suka kafa kamfanin ƙera kan jirgi mai injin dizal. Hukumar jiragen Purushiya ta ba su aiki. Kamfanin Borsig na Barlin ya ƙera gangar jiki, Sulzer ya ƙera inji. A 1912 aka gwada shi a layin Winterthur zuwa Romanshorn a Suwizalan, a 1913 aka kai shi Barlin. Nauyinsa ya kai tan 95, an kuma tsara shi ya yi gudun kilomita 100 a awa.

Matsalarsa ita ce an haɗa inji da ƙafafu kai tsaye, kamar yadda ake yi a injin tururi. Tururi yana iya tura jirgi daga tsaye, amma injin dizal ba ya ba da ƙarfi sai yana juyawa. Dole aka riƙa tayar da jirgin da matsattsiyar iska har ya kama gudu kafin mai ya karɓa, kuma iskar mai sanyi tana cutar da silinda mai zafi. Gwajin ya yi ta cin karo da lalacewa. Diesel ya ɓace a teku a ƙarshen Satumba, 1913, a kan hanyarsa ta zuwa Ingila, yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, aka yi watsi da aikin. Maganin da ya yi nasara daga baya shi ne a sa injin dizal ya juya janareta, lantarki kuma ya juya ƙafafu. Da wannan tsari jirgin da ake kira Fliegender Hamburger ya fara zirga-zirga tsakanin Barlin da Hamburg a 1933, shekara goma bayan rasuwar Klose. Jamus ta Yamma ta daina amfani da tururi a 1977.

7.0 Kammalawa

Idan aka auna Klose da ma'aunin abin da ya ɗore, sakamakonsa ba shi da yawa: tsarin kwanarsa ya ba wa na Gölsdorf wuri, kan jirginsa mai dizal bai shiga aiki ba, ƙungiyoyin da suka biyo bayan tasa sun fi ta girma da suna. Amma maƙalar ta nuna cewa a kowane ɗaya daga cikin waɗannan, matsalar da ya ɗora yatsa a kanta ita ce ainihin matsalar, kuma waɗanda suka yi nasara a bayansa amsar tambayarsa suka bayar. Shi ne ya fara tara maƙera motocin Jamus a zaure ɗaya, kuma baje kolin da aka fara da motoci takwas a ƙarƙashinsa yana nan har yau.

Game da hasashensa na 1897, adalci shi ne a ce ya fahimci injuna fiye da yadda ya fahimci masu sayensu. Rabon aikin da ya tsara ya tabbata a duk inda hukuma ko kamfani yake da motoci masu yawa da hanya sananniya, ya kuma rushe a inda mutum ɗaya yake neman mota ɗaya ta yi masa komai. Yanzu da batirin litiyam ya maye gurbin na darma, motocin bas da na rabon kaya a biranen Turai suna komawa lantarki, manyan motocin tafiyar nesa kuma galibinsu suna nan a kan dizal. Wannan ya sa kashi biyu cikin uku na maganarsa suka sake zama abin tattaunawa bayan shekara fiye da 120. Darasin da mai nazarin tarihin fasaha zai ɗauka shi ne, kafin a yanke wa hasashe hukunci, ya kamata a tambayi wane irin mai amfani ne mai hasashen yake gani a zuciyarsa, domin sau da yawa a nan kuskuren yake, ba a lissafin inji ba.